Ɗigo Ashirin da Takwas

Ƙarfe biyu saura kwata na ranar Litinin, Sufeto ya buɗe kular abincinsa ke nan, ko cokali bai ɗaga ba, wani mutum ya faɗo ofis yana haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Sun kashe mini uba! Yallaɓai, da ƙafarsa ya shiga asibitin nan shekaranjiya, yanzu ga shi can an lulluɓe shi da zani!"

"Zauna tukuna," in ji Sufeto. "Wa ya kashe shi?"

"Nas ɗin da ke ɗakin. Ta ɗura masa ruwa har ya shaƙe. Likita da bakinsa ya ce ruwa ne ya cika masa huhu."

Sufeto ya rufe kular. Shekararsa ashirin da shida a aikin nan, ya daɗe da saba wa cin abinci da sanyinsa. Mai ƙarar shi ne babban ɗan marigayin, direban wani babban mutum ne a gari, kuma kafin ya iso ofis ya riga ya kai wa maigidan nasa kuka. Shi ya sa Sufeto bai gama rubuta bayaninsa ba waya ta yi ƙara. Daga sama ne. Magana ɗaya aka yi masa: a tsare nas ɗin yau, a kawo fayil cikin kwana uku, a tura kotu.

Ya kira Saje, abokin tafiyarsa mai tumbi da yawan tsokana, suka shiga mota.

Gado ashirin da biyu ne a ɗakin maza, a jere gefe biyu, kowanne da ƙarfen rataya ruwa a kansa. Fanka biyu ke juyawa, ta ukun ta daɗe da mutuwa. An riga an ɗauke gawar daga gado na tara, amma ledar ruwan tana nan a rataye, ta shanye ta manne, robarta na lilo.

Likitan ya fito, idanunsa jajur don gajiya.

"Likita, ni fa ban gane ba," in ji Sufeto. "Na san ruwa ake ƙara wa mutum ya farfaɗo. Ni kaina an taɓa sa mini har leda biyu. Ta yaya ruwa zai kashe mutum?"

"Magani ne, Sufeto, kamar kowane magani. Wanda gudawa ta busar, ko ya zubar da jini, ko aka yi masa tiyata ba ya iya ci da sha, da shi muke riƙe ransa. Wani mu sakar masa da gudu, wani mu ba shi ɗigo-ɗigo. Tsohon nan tela ne, shekararsa saba'in da huɗu, zuciyarsa ta gaji, ƙodarsa ma ba ta tace ruwa sosai. Amai ne ya kawo shi, jikinsa ya bushe, dole mu ba shi, amma a hankali. Lita ɗaya na rubuta, ta yi awa goma sha biyu tana shiga. Ɗigo ashirin da takwas a minti ɗaya."

"Ƙarfe nawa aka rataya?"

"Goma na safe."

"Yaushe ta ƙare?"

"Kafin sha ɗaya. Da aka kira ni na tarar yana numfashi sama-sama, kumfa na fita daga bakinsa. Mun yi iya yinmu."

Likitan ya kamo robar ya nuna masa wata 'yar taya da ke jikinta, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. In aka murza ta ƙasa ruwa ya tsaya, in aka murza ta sama ya zubo. A can ƙarshen sama take, buɗe gaba ɗaya.

"Wa zai iya murza wannan?"

"Duk mai babban yatsa," in ji likitan.

A wani ɗan ɗaki mai warin magani suka sami nas ɗin, wadda kowa ke kira Sista. Mace ce siririya da ta kusa arba'in, ta haɗa hannayenta a cinya.

"Ke kika sa masa ruwan?"

"Ni ce, Yallaɓai. Na ƙirga ɗigon da agogona sau biyu. Ashirin da takwas."

"Daga nan kika tafi ina?"

"Ban je ko'ina ba. Ina cikin ɗakin."

"Kina cikin ɗakin, lita guda ta shige jikin mutum ba ki gani ba?"

Ta ɗago kai. "Yallaɓai, ka duba filastata. Shekara goma sha ɗaya ina yin haka. Duk ruwan da na sa, sai na naɗe tayar da filasta don kada ta motsa, in rubuta yawan ɗigon a kai da biro. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Sufeto ya koma ɗakin ya bi gadajen ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai ke da ruwa a hannu, kuma kowace taya na naɗe da farar filasta da lamba a kai cikin shuɗin biro. Ta gado na tara ce kaɗai tsirara. Amma da ya shafa ta sai ya ji yatsansa na mannewa. An taɓa naɗe ta, an ɓare.

Saje ya zazzage kwandon shara, ya leƙa ƙarƙashin gado har wandonsa ya yi ƙara. Mai shara ta rantse ba ta ga wata filasta ba.

Duk da haka da Sista suka tafi. Umarni umarni ne. Lokacin da ake rubuta sunanta a littafin waɗanda aka tsare ta roƙi a bar ta ta kira maƙwabciyarta ta ɗauko mata yara biyu daga makaranta, don babansu ya rasu, ba su da kowa sai ita. Sufeto ya miƙa mata wayarsa ya juya baya. Ransa bai so abin da yake yi ba, kuma ba shi da yadda zai yi.

Washegari da safe ya leƙa ɗakin taimakon gaggawa na asibitin, ya nemi littafin da ake rubuta masu shigowa. A shafin Litinin, daga goma da kwata zuwa sha ɗaya saura minti biyar, akwai sunayen mutum biyar da aka kawo daga haɗarin mota, duk da shuɗin biron nan da rubutun nan.

Ya dawo ya ajiye littafin a gaban Sista.

Kuka ta fashe da shi. "An kira ni in taimaka, jini ne ko'ina, mutum biyu ne kawai a wurin. Doka ta ce kada a bar ɗaki ba nas. In na ƙi zuwa wani ya mutu, in na je na karya doka. Na ji tsoro in faɗa, a karɓe mini takardar aiki."

"To yanzu ba takardar aiki kaɗai ake magana ba, Sista. Kisa ake magana."

"Na sani."

"Da kika fita, wa kika bari a gado na tara?"

"Matarsa da autarsu."

Autar marigayin malamar makaranta ce. Ta zo ofis da rana, idanunta a kumbure, tana magana tana kallon teburi.

"Ƙarfe goma da 'yan mintuna muka fita ni da Mama, muka je kantin magani na bakin ƙofa. Da muka dawo muka tarar da Baba yana shure-shure."

"Ku biyu kuka fita?"

"Mu biyu."

"Kuka bar tsoho marar lafiya shi kaɗai?"

"Barci yake yi."

"Mama tana iya sauka matakalar nan ta hau? Na ji an ce tana fama da gwiwa."

"Na riƙe ta," in ji Auta da sauri. Ta yi saurin da ya yi yawa, kuma Sufeto ya lura.

Saura mutum ɗaya: wanda ya kwanta a gado na goma. Birkila ne, matashi, gudawa da amai suka kawo shi ranar Lahadi ba ya ko iya ɗaga kai, amma an sallame shi da safiyar Talata. Sun same shi a wurin wani gini, zaune a kan bulo a inuwa yana kallon abokan aikinsa.

"Ni barci nake yi, Yallaɓai. Ban ga komai ba."

Saje ya tuntsire da dariya. "Kai da aka ce sau tara ka ziyarci banɗaki da safen nan? A ina ka yi barcin, a kan hanya?"

Birkilan bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da ɗan yatsan ƙafa.

"Akwai mace a tsare," in ji Sufeto a hankali. "Ita ce ta nemo maka jijiya ranar da kowa ya kasa. 'Ya'yanta biyu suna gidan maƙwabta. Jibi za a kai ta kotu."

Mutumin ya ɗago kai ya dube shi.

"'Yar ce kawai ta fita. Tsohuwar tana nan. Yallaɓai, matar nan kamar uwata ta riƙe ni, ba ni da kowa a asibitin, ita ke miƙo mini ruwa, ita ke kore mini ƙuda. Sai ta tambaye ni leda nawa na sha. Na ce huɗu. Ta ce, 'Kai naka gudu yake yi, ga shi har ka tashi zaune. Na Malam kuwa sai ya ga dama yake ɗiga. Ko don mu ba mu san kowa a nan ba?'"

"Ka ce mata me?"

Muryarsa ta karye. "Na ce, 'Ai Mama, mai gudun shi ne mai aiki.' Wasa nake mata, wallahi wasa nake. Daga nan cikina ya murɗa na ruga banɗaki. Ban ga hannunta a kai ba. Amma tun jiya na kasa cin abinci."

Suka shiga mota. Saje, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza, ya tuƙa su har ofis bai yi tsokana ko ɗaya ba. Jikin Sufeto ya yi sanyi ƙalau. A duk shekarunsa, in ya kusa gano mai laifi daɗi yake ji. Wannan karon ya yi ta fatan a ce kuskure ya yi.

Ranar Laraba da hantsi suka je gidan marigayin. Babban ɗan, direban nan, ya tarbe su a ƙofa, ya ratsa da su cikin masu ta'aziyya yana cewa, "Ga hukuma nan, wallahi sai matar nan ta ruɓe a gidan yari."

Ya kai su ɗakin mahaifiyarsa. A kusurwa keken ɗinkin marigayin ne lulluɓe da yadi, a ƙarƙashinsa buhu biyu na ƙyallaye, ga gwangwanayen madara cike da maɓallai da tsofaffin zif. Da gani ka san gida ne da ba a yar da komai. Tsohuwar na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, Auta na gefenta. Da Auta ta ga Sufeto sai ta kai hannu fuskar uwar.

"Mama, kawo tabaran in goge miki."

"Bar mini abina in ga baƙi," in ji tsohuwar, ta ture hannun.

Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya. Yana ɗago kai ya gani. Ƙafar tabaran ta hagu ta karye, an ɗaure ta da farar filasta, an naɗe tsaf yadda matar tela za ta naɗe abu. A jikin filastar, daidai gefen idonta, akwai lamba cikin shuɗin biro. Ashirin da takwas.

Ya ji kamar ya tashi ya fita ya ce bai ga komai ba. Sai ya tuna Sista a bayan kanta, da yaranta biyu. Ya gyara zama.

"Mama, tabaran nan ya karye ne?"

"Tun sati biyu, ɗana. Malam ya ce zai gyara mini, sai ciwo ya kwantar da shi."

"A ina kika sami filastar?"

"A asibiti mana. A jikin robar ruwan Malam. Da na ɓare na ga sabuwa ce fil, na ce ba zan yar ba."

"Mama, ki yi shiru!" in ji Auta.

"In yi shiru a kan me? Sata na yi? 'Yar filasta?" Ta juya ga Sufeto. "Ai ɗaure abin suka yi, ɗana. Yaron da ke kusa da mu, nasa na zuba kamar famfo, kwana ɗaya ya miƙe. Na Malam kuwa sun naɗe shi sun shaƙe, sai ka ƙirga goma kafin ɗaya ya faɗo. Na nemi nas ban gan ta ba. Mutum na kwance leɓensa duk ya tsage, ga ruwa a kansa an hana shi. Shekara arba'in da tara ban taɓa barin Malam da ƙishirwa ba. Na ɓare na buɗe masa da kaina. Har ya buɗe ido ya ce mini yana jin sanyinsa a hannu."

Ta faɗe shi ne da ɗan alfahari, irin na wanda ya yi abin da ya dace lokacin da kowa ya yi sakaci. 'Ya'yan sun ɓoye mata abin da likita ya ce. Kwana ya ƙare, shi ke nan abin da aka gaya mata.

Direban ya jingina da bango, ya zame a hankali har ƙasa. Auta ta rufe fuska. Ita tun ranar Litinin ta ga lambar a fuskar uwarta ta gane, ta rasa wanda za ta faɗa wa.

Tsohuwar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne? Me ya sa kuke kallona haka?" Sai ta dubi Sufeto. "Ɗana, kai ne hukuma. Faɗa mini. Me ya kashe Malam?"

Sufeto ya sha gaya wa iyaye an tsinci gawar ɗansu. Bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi irin na yau ba.

"Mama, zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda. Shi ya sa aka ɗaure."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta cire tabaran a hankali, ta juya shi, ta kai filastar kusa da idonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba.

"Ashe ni ce," ta ce.

Direban ya rarrafo ya kama ƙafar Sufeto. "Yallaɓai, na janye! Na janye ƙarar! Ka yaga takardun, ba wanda ya kashe kowa!"

Sufeto ya fita tsakar gida ya kira shugabansa. Ya yi bayani, ya yi roƙo, har ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa na gaba da shi ba. Amsar gajera ce. Rai aka rasa, ba akuya ba, magana ta riga ta kai sama, shi mai ƙarar ne ya kai ta da kansa. Gobe fayil zai tafi da suna a ciki. In ba sunan tsohuwar ba, to na nas ɗin. Sauran kuma na alƙali ne, mai yiwuwa ya tausaya.

Ya sa wayar a aljihu. Da ya koma ɗaki ya tarar tsohuwar ta riga ta yafa mayafi, ta sa takalmi.

"Wace ce aka ce an kama?" ta tambaya.

"Nas ɗin, Mama. Kwananta biyu."

"Tana da 'ya'ya?"

"Biyu."

"To mu je a sake ta. Kai kuma tashi daga ƙasa, mutane na kallo," ta ce wa ɗanta.

Saje ya tura ankwar da ke ƙugunsa can cikin aljihu, ya ba ta hannu ta dafa. Suka ratsa masu ta'aziyya a hankali saboda gwiwarta, mutane na buɗa musu hanya, duk sun zaci asibiti za a kai ta.

A ofis ta ba da bayaninta tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba, ta dangwala yatsa. Sufeto ya karɓi tabaran ya sa a ambulan, don shaida ce. Aka fito da Sista. Da ta ga tsohuwar sai ta tsaya cak. Tsohuwar ta lalubo hannunta, don ba ta gani sosai yanzu.

"Ki yafe mini, 'yata. Na zaci rowa kike masa."

Sau ɗari Sista ta yi niyyar bayyana wa masu jinya dalilin filastar nan, amma gado ashirin da biyu ba sa barin mutum ya tsaya magana. Ta riƙe hannun tana hawaye har wata 'yar sanda ta zo tafiya da tsohuwar.

A bakin ƙofar ɗakin tsare mata tsohuwar ta waiwayo, tana neman inda Sufeto yake.

"Ɗana, yaron nan na kusa da mu, ya warke?"

"Ya warke, Mama. Har ya koma wurin aiki."

Ta gyaɗa kai. "Shi leda huɗu ya sha ya tashi. Malam ɗaya tak na ba shi."

'Yar sandar ta riƙe ta suka shiga, aka ja ƙofa.